Allon Labari Da Zaɓen Manhajarsa Ga Masu Shirin Fim A Katsina

1. Mafarin al'amarin

Shirin fim da harshen Hausa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Tun zamanin En'e motocin majigi su kan zaga garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a bakin kasuwa bayan sallar isha'i, a nuna wa jama'a hotunan tsabta da noma da labarin gwamnati. Cikin finafinan wancan zamani akwai Baban Larai na tsakiyar shekarun 1950, wanda aka shirya don koyar da noman zamani, musamman na auduga, amfanin gonar da kudancin Katsina ya yi suna da shi wajen Funtuwa da Daudawa da Malumfashi. Daga baya Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim cikin 1976, sa'an nan aka yi fim da wasan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina cikin 1992. Fim ɗin bidiyo kuwa ya soma a Kano cikin 1990 da Turmin Danya, ya bunƙasa har ya zama sana'ar da a ke kira Kannywood.

Mafi yawan waɗanda suka kafa sana'ar bidiyon nan daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito, watau mutanen da suka saba a ba su gundarin labari su ƙaga maganar da kansu a fage. Wannan baiwa ce babba, ita ce ta sa zancen finafinan Hausa ya kan fito da daɗin ji. Amma fa tana da hasara ta wajen hoto, gama abin da baki ya ke iya ƙagawa nan take, kyamara ba ta iya ƙaga shi. Tilas a san inda za ta tsaya, da abin da za ta gani, da wanda za ta bari a waje. In ba a yanke wannan shawara a gida ba, a kan yanke ta a lokeshin, 'yan wasa suna zaune, motar haya tana jira, janareto yana shan mai, rana kuwa tana tafiya.

Yanzu da sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai suka shigar da nazarin fim cikin darussansu, malamai sun fara fuskantar tambayar wace manhaja za a saya, ko a sauke, don koya wa ɗalibai tsara fim kafin ɗauka. Takardar nan za ta bayyana abin da aikin ya ƙunsa, da irin manhajojin da ke akwai, da ma'aunin da ya kamata a auna su da shi a gari irin Katsina.

2. Sunayen abubuwan

Kafin a shiga batun zaɓe ya kamata a daidaita suna, don har yanzu ba a tsai da kalma ɗaya ba. 'Yan fim su kan ari kalmar Turanci su ce sitoribod. Abin da a ke nufi shi ne jerin zane-zane cikin ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gida yana nuna abin da kyamara za ta gani a ɗauka ɗaya, da ɗan bayani a ƙarƙashinsa. A nan an zaɓi a kira shi allon labari. Dalili kuwa shi ne, allo a wurin Bahaushe abu ne da a ke rubutawa a wanke a sāke, ba a ɗauke shi ƙarshen aiki ba, kuma haka wannan zane ya ke. Mataki na biyu, inda a ke sa zanen ya yi motsi a kwamfuta don a ga fim ɗin tun ba a ɗauke shi ba, an kira shi gwajin gani. Kalmar fitowa an bar ta yadda marubutan wasan kwaikwayo suka saba da ita, ɗauka kuwa ita ce abin da kyamara ta kama daga kunnawa zuwa kashewa. Manhaja, wadda malamai suka sani da ma'anar tsarin karatu, ita ce aka faɗaɗa ta ɗauki ma'anar tsarin aikin da a ke ɗora wa kwamfuta, kuma wannan ma'ana ta riga ta zauna.

3. Tarihin dabarar a taƙaice

An fi danganta allon labari da gidan zanen Walt Disney a Amurka, inda cikin farkon shekarun 1930 aka fara kafe zane-zane a jikin bango bi da bi don a duba tafiyar labari. Three Little Pigs na 1933 shi ne a ke ambata a matsayin gajeren fim na farko da aka tsara haka dukansa. Ba a daɗe ba masu fim da mutane suka ara, har William Cameron Menzies ya zana Gone with the Wind na 1939 kafin a ɗauka.

Misalai biyu daga Asiya sun fi kusa da halin da a ke ciki a nan. Satyajit Ray na Indiya ya ɗauki Pather Panchali, wanda ya fito cikin 1955, ba tare da cikakken rubutaccen wasa ba. Littafin zanensa da 'yan bayanai su ne jagoransa, kuɗinsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Akira Kurosawa na Japan, sa'ad da ya rasa mai ba shi kuɗin Kagemusha, sai ya zauna ya yi ta zanen rundunonin mahaya da tutocinsu da fenti, har aka sami kuɗin, fim ɗin ya fito cikin 1980. Dukansu biyu takarda suka yi aiki da ita. Gwajin gani na kwamfuta sai a shekarun 1990 ya kankama, yau kuwa manyan gidajen fim ba su taɓa fitowa mai tsada sai sun gwada ta tukuna.

4. Amfaninsa ga mai shiri a Katsina

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Darakta ya iya kwatanta wa mai kyamara abin da ya ke so har bakinsa ya bushe, kowannensu da hoton da ke cikin kansa. Zane ɗaya, ko da na kara da da'ira ne, ya kan raba gardamar. Ga misalai uku daga cikin birni.

Na farko hawan salla. Mai son ɗaukar mahaya suna jahi a filin Kangiwa gaban fadar Sarki ba shi da ikon ya ce a sāke. In ɗauka ta kuɓuce masa, sai wata salla. Har wa yau akwai ƙa'ida a aikin fim, cewa in dawaki sun shiga hoto daga dama suna nufin hagu, to, duk kyamarorin su tsaya a gefe ɗaya na hanyar. In ɗaya ta ƙetare, dawakin za su fito a hotonta suna gudu daga hagu zuwa dama, mai kallo ya zaci runduna biyu ce ta ke karo. Taswirar fili da aka zana tun a gida, aka sa wa kowace kyamara gurbinta, ita ce maganin wannan.

Na biyu hasumiyar Gobarau, wadda tsawonta ya kai wajen mita 15, gidaje kuma sun kewaye ta. Kyamara mai cikakken faifan gani, in an sa mata gilashi mai milimita 50, sai ta ja da baya kamar mita 37 kafin hasumiyar ta shiga hoto daga gindi zuwa ƙoli. Da gilashi mai milimita 24 kuwa kamar mita 18 sun isa, amma ginin zai yi kamar ya kishingiɗa in an ɗaga kan kyamara. Mai zane da hannu ya iya zana hasumiya da mutum a gindinta yadda ransa ya so, ko da babu gilashin da zai ba da wannan hoto a lungun. Manhajar da ta san lissafin gilashi ba ta yarda da haka, nan ne kuma ta fi takarda.

Na uku rana. Katsina tana kan kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, sabo da haka rana ta kan tsaya daidai kan mutum sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokatai inuwar tsakar rana kudu ta ke faɗuwa, sauran shekara kuwa arewa. Bangon da aka duba cikin Janairu aka ga yana da inuwa, watakila a tarar da shi fayau cikin Yuni. Tsawon yini kuma bai wuce tsakanin sa'a 11 da minti 20 zuwa sa'a 12 da minti 50 ba, magariba tana faɗuwa da sauri, ga hazon hunturu da ya kan dushe hasken. Fitowar da aka fara da hantsi aka ƙare da la'asar ba ta haɗuwa wurin tacewa sai in an jera ɗaukarta bisa tafiyar rana.

Akwai kuma dalili na huɗu wanda ba shi da daɗin faɗi. Rashin zaman lafiya a waɗansu sassan jihar ya sa zuwa duba lokeshin a ƙauye ya zama abin da a ke yi da lissafi. Wanda ya je sau ɗaya ya ɗauko hotuna da awon wuri, ya dawo gida ya tsara kome a kansu, ya rage wa mutanensa yawan zirga-zirga da tsawon zama a daji.

5. Irin manhajojin da ke akwai

Za a iya kasa su gida huɗu. Kashi na farko na zane ne zalla. Storyboarder na kamfanin Wonder Unit kyauta ne, yana da sauƙin koyo, kuma yana da wata dabara mai amfani ga aji: a buga takardu masu gidajen zane, ɗalibai su zana da fensir, a ɗauki hoton takardun a shigar, manhajar ta jera su. Storyboard Pro na kamfanin Toon Boom da ke Kanada shi ne gidajen zanen katun su ke aiki da shi, yana da ƙarfi, amma na kuɗi ne, kuma sai da allon zane na lantarki a ke cin moriyarsa.

Kashi na biyu na taswira ne, irin Shot Designer, wanda ya ke nuna wuri kamar daga sama a ke kallonsa, a sa alamar 'yan wasa da kyamara da fitila, a ja su a ga motsinsu. Yana aiki a wayar hannu, ba ya kuwa bukatar a iya zane.

Kashi na uku shi ne na gwajin gani sosai, inda a ke gina ɗaki ko fili mai tsawo da faɗi da zurfi, a sa 'yan tsana a ciki, a leƙa ta kyamarar ƙarya. FrameForge don wannan aka yi shi, yana bin lissafin gilashi daidai. Blender, wanda Ton Roosendaal na Holan ya ƙaga, aka sake shi kyauta ga kowa cikin 2002, yana yin wannan da abin da ya fi shi, kuma tun fitowarsa ta 2019 a kan yi zanen hannu a cikinsa sosai, sai dai koyonsa yana cin watanni. Unreal Engine na Epic Games, wanda aka yi aiki da shi a The Mandalorian cikin 2019, yana ba da hoto kamar na gaske, amma yana son kwamfuta mai tsada.

Kashi na huɗu su ne waɗanda ke zaune a intanet, irin Boords da StudioBinder, inda mutane da yawa su ke duba aiki ɗaya daga garuruwa dabam dabam, a kan biya su kuwa wata wata ko shekara shekara. Cikin 'yan shekarun nan an ƙara da masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda a ke rubuta musu bayani su fitar da hoto.

6. Ma'aunin zaɓe

Abu na farko da za a tambaya shi ne, shin manhajar tana aiki ba tare da intanet ba? Wutar lantarki ba ta da tabbas, layin waya kuma ya kan yi rauni da an fita gari. Cikin Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina sabo da tsaro, aka yi watanni haka. Wanda allon labarinsa ya ke ajiye a intanet kaɗai, a irin wannan hali ba shi da kome a hannu. Don haka kowace manhaja aka zaɓa, lalle ta iya fitar da aikin a buga shi a takarda, gama takarda ba ta mutuwar batir, kuma a kan iya karanta ta cikin rana tsaka.

Na biyu kuɗi. Manhajar haya da dala a ke biyanta, darajar naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun da aka sake ta cikin Yuni 2023. Sashen jami'a da ya ɗora darasinsa kan haya, ran da kasafi ya makara sai ajin ya tsaya, watakila ma ayyukan ɗaliban bara su kulle. Manhajar sata kuma ba ta dace da makaranta ba, ga haramci ga cutar da ta kan shigo da ita cikin kwamfuta. Na kyauta ko na saye sau ɗaya sun fi kwanciyar rai, muddin an bincika an ga masu ita ba su yi watsi da gyaranta ba.

Na uku, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne haruffa masu ƙugiya. Tun shekarun 1930 aka tsai da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, a Nijar kuma a ke ƙarawa da ƴ inda Nijeriya ta ke rubuta 'y. Waɗansu manhajoji su kan karɓi harafin a fuskar kwamfuta, amma in an zo bugawa sai ya fito ɗan akwati ko alamar tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama bayanin da ke ƙarƙashin zane umurni ne. In an rubuta a ƙara haske, ƙugiya ta faɗi, an sami wata kalma. Haka kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da daki da ɗaki. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da haruffan duka, manya da ƙanana, a fitar da ita a buga, a duba. Wanda ya ke so ya sa bayani da ajami sai ya gwada ko manhajar tana jera rubutu daga dama. Ko da wane rubutu aka yi, a sa wa kowane gidan zane lamba, don cikin ma'aikata akwai wanda idonsa ya saba farawa daga dama tun yana makarantar allo.

Na huɗu shi ne kayan da ke cikin rumbun manhajar. 'Yan tsanan da a ke samu a ciki an yi su ne don zaman kujera da tebur, da ƙananan kaya, da ɗakuna masu manyan tagogi. Ba safai a ke samun babbar riga ba, balle rawani, ko zaure, ko tabarma. Wannan yana taɓa hoton kansa. Mutum mai babbar riga ya fi ɗan tsana cin wuri, sabo da haka gidan zanen da ya ɗauki mutum uku a kwamfuta ya iya kasa ɗaukarsu a fili. Zaman tabarma yana bukatar a sauko da kyamara ƙasa da inda manhaja ta saba ajiye ta. Gaisuwar ɗa ga uba, ɗaya a durƙushe ɗaya a zaune, da ratar da kunya ta ke sawa tsakanin suruki da surukarsa, da nisan da masu tace finafinai su ke so a bari tsakanin namiji da mace, duk ma'ana ce da a ke faɗi da tazara. Manhajar da ba ta bari a lanƙwasa ɗan tsana ya durƙusa, ko a shigar da hoton zaure na gaske a bayansa, za ta riƙa jan ɗalibi a hankali ya tsara fitowarsa irin ta baƙi. Masu ƙirƙirarriyar basira sun fi muni ta wannan fuska, don su kan gauraya tufafin ƙasashe, su ba da gini mai kyaun gani wanda ba na kowa ba ne, kuma fuskar mutum ɗaya ta kan sāke daga wannan gida zuwa wancan.

A nan akwai abin tunawa. William Sellers, wanda ya yi aikin tsabta a Ikko, ya kuma shugabanci sashen fim na mulkin mallaka da aka kafa cikin 1939, ya shimfiɗa ƙa'idojin yi wa 'yan Afirka fim: a tafi a hankali, a guji yawan yanke hoto da dabarun kyamara, bisa zaton ba za su gane ba. Jama'ar da ta cika gidajen silima tana bin finafinan Indiya ta ƙaryata wannan zato. Darasin shi ne, kowane tsarin ɗauka yana ɗauke da ra'ayin wanda ya tsara shi game da mai kallo. Rumbun manhaja ma haka ne, ko da ya ke masu ita ba su nufi kowa da sharri ba.

7. Abin da ya dace da aji da lokeshin

Fim mai minti 90, in an ƙaddara kowace ɗauka daƙiƙa 5 ce, yana da ɗauka 1,080. In shafi yana cin gida 6, shafi 180 ke nan. Mai shirin fim mai dogon zango, wanda a ke jiransa kowane mako, ba shi da wannan lokaci, ba kuwa lalle ne ya yi ba. Hirar mutum biyu a falo jerin ɗauka a rubuce ya ishe ta. A ajiye zane don fitowar da ke da taro, ko dawaki, ko faɗa, ko rawa da waƙa, ko wurin da ba za a sami komawa ba. Gwajin gani na kwamfuta kuwa a ajiye shi don abin da kuskurensa ya fi kwanakin gina shi tsada.

Ga makaranta, tsarin da ya fi dacewa hawa uku ne. A zangon farko takarda da fensir da kyamarar waya: a ba ɗalibai shafi ɗaya na wani wasan kwaikwayo da su ke nazari, su fita su tsaya a gurbin 'yan wasa a ɗauki hotunansu, a jera. Ta haka rashin iya zane bai hana kowa ba, kuma babbar riga da zaure na gaske ne. A zango na biyu a shigar da aikin cikin Storyboarder ko makamancinsa, a sa wa kowane gida tsawon lokacinsa, a ɗora murya, a kalla. Nan ɗalibi zai ga da idonsa cewa gaisuwar Hausa cikakkiya tana cin lokaci, ya koyi inda zai yanke ba tare da ya mai da ɗa marar ladabi ba. A hawa na uku a zaɓi kaɗan masu sha'awa su koyi Blender, a ɗora musu aikin gina rumbun gida: zaure, da soro, da rumfar kasuwa, da ƙofofin gari irin Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura, da tufafi da kayan doki, kowane abu da sunansa na Hausa da awonsa. Irin wannan rumbu zai amfani masu fim, ya kuma zama ajiyar kalmomin gini da sutura waɗanda su ke ɓacewa daga bakin yara.

Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Manhaja tana auna gilashi da inuwa daidai, amma sanin inda ya kamata uba ya zauna da inda ɗa zai durƙusa yana wurin wanda ya san harshen da mutanensa, koyar da wannan kuwa aikin sashen Hausa ne.